Karen Da Aka Yar, Da Karen Da Ke Zuwa Dubiya Asibiti

Wata rana da bazara muna zaune a inuwa kusa da wata rijiya a Gammo, cikin ƙasar Kabo, muna jiran mota, sai ga wani kare ya ɓullo daga bayan danga yana tafe yana tangaɗi. Haƙarƙarinsa duk a waje, mutum ya iya ƙidaya su daga nesa. Gashin bayansa ya zube, ƙudaje sun cinye bakin kunnuwansa, ga wani guntun igiya yana reto a wuyansa. Ya nufi inda ruwa ya kwanta a gindin rijiyar, yara suka taso masa da hoge. Wani dattijo da ya dawo daga sharar gona ya tsawata musu, ya nemi sakaina ya zuba ruwa, ya ajiye, ya ja da baya. Karen ya daɗe yana dubansa kafin ya matso ya sha.

Da muka tambaya, dattijon ya gaya mana mai karen ya tafi cin rani tun bayan kaka, mutanen gidan kuwa kowa ya ce ba nasa ba ne. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne guntun igiyar nan. Ita ce shaidar cewa wannan dabba ba a daji aka haife ta ba. Wani ya ɗauko ta tana kwikwiyo, ya ɗaure, ya ci amfaninta, sa'an nan ya juya mata baya. Irin wannan kare yana nan a kusan kowane gari daga Gwarzo har Kabo, a bakin mahauta, a kan juji, a bayan makaranta. Muna so mu yi magana a kansa yau, domin yana iya zama ajalin ɗan wani, kuma a waɗansu ƙasashe irinsa ne a ke ɗauka a gyara har ya zama mai zuwa dubiya asibiti.

Matsayin kare a wurinmu

Bahaushe bai ɗauki kare abokin zama ba, ma'aikaci ya ɗauke shi. Mafarauci ba ya fita da rani sai da karnukansa, har ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Bafillace yana barci a ruga don ya san akwai mai yi masa haushi. Manomi da gonarsa ta yi nisa da gari yana ajiye kare saboda biri da ɓarawo. Amma duk da wannan hidima, in an tashi zagin mutum da sunan kare a ke zaginsa, in kuwa kare ya tsufa, ko ya yi ciwo, ko farauta ta wuce, sau da yawa ladansa kora ce.

Waɗansu suna fakewa da addini, suna cewa ai ƙazami ne. To, ya kamata mu tuna da abin da ke cikin littattafan da a ke karantawa a zaurukanmu. Gaskiya ne hadisi ya yi gargaɗi a kan ajiye kare haka kawai, amma ya keɓe na farauta da na kiwo da na gona. A mazhabar Imamu Malik, wadda mu ke bi a ƙasar nan, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki umurni ne da a ke bi don ibada. Malamai sun ruwaito cewa shi kansa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, ya ajiye kare don tsaro sa'ad da katangar gidansa ta faɗi. Buhari da Muslim kuma sun kawo labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa, kamar yadda suka kawo na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Har wani malamin Bagadaza, Ibn al-Marzuban, wanda ya rasu a 921, ya wallafa littafi sukutum a kan amanar karnuka, yana gwada ta da rashin amanar mutane da yawa.

Ashe ke nan ba wanda ya tilasta wa mutum ya ajiye kare. Amma wanda ya ajiye, cinsa da shansa da lafiyarsa sun hau wuyansa. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Haɗarin da ke cikin sakaci

Ko wanda ba ya jin tausayin dabba, ya ji tausayin yara. Karen da ba shi da mai shi ba a yi masa allurar rigakafi, yana yawo gari gari, yana faɗa da 'yan'uwansa a kan mushe, ta nan ne ciwon haukan kare ke yaɗuwa. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar. In ta shiga jikin mutum ta wurin cizo, sai ta bi jijiyoyi sannu sannu har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci takan yi wata biyu ko uku kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Wannan jinkiri shi ne yaudararta, gama ciwon cizon ya warke, kowa ya manta. Ran da alamu suka fito, mutum ya fara firgita da ruwa, to, kusan ba mai tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma 99 cikin 100 daga cizon kare ne. Huɗu cikin goma na waɗanda a ke ciza yara ne da ba su kai shekara 15 ba, watau irin waɗanda muka gani da hoge a bakin rijiya. Abin baƙin ciki kuwa shi ne maganin ya daɗe a duniya. Tun ran 6 ga Yuli 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro, Joseph Meister, allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. A ƙasarmu ma ma'aikatar binciken ciwon dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka.

Mun saba, in kare ya ciji yaro, samari su fito da gora su kashe duk karen da suka gani. Masana sun ce wannan ba ya kawar da ciwon, domin kafin a jima waɗansu karnukan sun cike gurbin. Abin da ke yanke shi shi ne a yi wa bakwai cikin goma na karnukan gari allura, a kuma riƙa maimaitawa. Ta haka ƙasar Meziko ta bi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2019 cewa ta rabu da haukan kare mai kama mutane ta cizon kare. Amma ba a iya yi wa kare allura sai yana da mai riƙe shi. Saboda haka duk karen da aka ɗauke daga juji aka ba shi gida, an rage wa gari haɗari guda.

Labarin karyar da aka tsinta a rami

Yanzu bari mu ba ku labarin abin da karen da aka yar ke iya zama. A cikin Fabrairu 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojojinmu ke fama a Bama, wani sojan Amurka ya tsinci wata 'yar mitsitsiyar karya a cikin wani ramin soja da aka bari a dajin tsibirin Niyu Gini. Nauyinta bai kai kilo biyu ba. Aka sayar da ita fam biyu na Ostireliya ga wani kofur mai suna William Wynne, ya sa mata suna Smoky, ya riƙa raba abincinsa da ita, yana ɗaukarta a jaka duk inda aka tura su.

Ana nan sai zazzaɓin dengi, wanda sauro ke kawowa, ya kwantar da Wynne a asibitin soja. Abokansa suka kawo masa karyar don ya gan ta. Da ma'aikatan jinya suka ga yadda fuskarsa ta sake, sai suka roƙa a ba su ita su zaga da ita wurin sauran masu rauni. Samarin da suka yi kwanaki ba su ce uffan ba suka fara murmushi, suna miƙa hannu. Daga baya, a tsibirin Luzon, ita ce ta ja igiyar wayar tarho ta cikin wani bututu mai tsawon ƙafa 70 a ƙarƙashin filin jirgin sama, ta hutar da sojoji haƙa na kwanaki a fili inda abokan gaba ke jefa bom. Bayan yaƙi Wynne ya tafi da ita garinsu, Cleveland, suka ci gaba da ziyartar asibitocin tsofaffin sojoji. Ta mutu a 1957. Mutane da yawa suna lissafa ta a farkon karnukan dubiya da aka san labarinsu.

Yadda aikin ya kafu

Tunanin ya girmi Smoky. A 1796 wani Bature mai suna William Tuke ya buɗe gidan jinyar masu taɓin hankali a birnin York na Ingila, inda aka daina ɗaure su da mari, aka sa zomaye da kaji a tsakar gida don su riƙa kula da su. Florence Nightingale, wadda ta gyara aikin jinya, ta ba da shawara a littafinta na 1859 cewa ƙaramar dabba abokiyar zama ce ga wanda ciwo ya daɗe da kwantarwa. A 1860 kuma wata mace, Mary Tealby, ta buɗe gidan tara karnukan da aka yar a Landan. Jaridu suka yi mata ba'a, amma gidan ya koma unguwar Battersea a 1871, yana nan har yau yana nema wa karnuka sababbin iyayengiji.

Wanda ya kai maganar gaban masana shi ne Boris Levinson, likitan halayyar yara a birnin New York. Wata rana aka kawo masa yaro wanda ba ya magana da kowa, aka iske karensa Jingles a ofis. Yaron ya fara magana da karen, daga nan ya fara magana da likitan. Da Levinson ya bayyana wannan a taron 'yan'uwansa masana a 1961, waɗansu dariya suka yi masa. Amma a 1976 wata ma'aikaciyar jinya, Elaine Smith, ta kafa ƙungiyar masu kai karnuka dubiya a jihar New Jersey ta Amurka, a 1983 kuma Lesley Scott-Ordish ta kafa irinta a Ingila. Yau masu wannan aiki dubbai ne, kuma ba a biyansu ko kwabo. Mutum ne da aikinsa, malamin makaranta ko akawu ko wanda ya yi ritaya, ya keɓe sa'a guda a mako ya ɗauki karensa ya tafi asibiti, ko gidan tsofaffi, ko makaranta. Aikin gayya ne irin nasu.

Masana sun bincika dalilin da ya sa abin ke aiki. A 1980 Erika Friedmann ta bi sawun mutum 92 da ciwon zuciya ya kwantar, ta ga waɗanda ke da dabba a gida sun fi yawan kai shekara da rai. A 2015 masana a Jami'ar Azabu ta Japan suka nuna cewa in kare da ubangidansa suka dubi juna, wani sinadari mai suna oksitosin yana ƙaruwa a jikinsu duka biyu, shi ne kuwa wanda ke ƙaruwa tsakanin uwa da jaririnta. Kada dai a ɗauka kare yana warkar da ciwo. Abin da ya ke yi shi ne rage kaɗaici da fargaba na ɗan lokaci, ya ba majinyaci abin magana wanda ba ciwonsa ba. Wanda ya taɓa kwana arba'in a gadon asibiti ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ba kuwa haka kawai a ke sakin kare cikin asibiti ba. Ba a karɓar ɗan kwikwiyo, sai wanda ya girma ya natsu a hannun mai shi. Likitan dabbobi ya shaida lafiyarsa da allurarsa. Sa'an nan a jarraba halinsa: a yar da abu mai ƙara a bayansa, a wuce da keken guragu ta gabansa, baƙo ya shafa kunnensa da wutsiyarsa. In ya yi gurnani ko ya zabura, ya faɗi. Ran ziyara a yi masa wanka, yana ɗaure da igiya a hannun mai shi, kowa ya wanke hannu kafin ya taɓa shi da bayan ya taɓa, ba a kai shi wurin mai buɗaɗɗen rauni, ba a kuma kai shi gadon wanda bai yarda ba. Abin mamaki, da yawa cikin masu cin wannan jarrabawa karnukan da aka taɓa wulakantawa ne. A 2007 hukuma ta ƙwace karnuka wajen 50 a jihar Virginia daga gidan wani shahararren ɗan wasa inda a ke haɗa su faɗa don caca. Mutane suka ce sai kashewa. Kotu ta sa aka duba su ɗaya ɗaya, aka raba mafi yawansu ga masu riƙo, har waɗansu daga cikinsu suka zama karnukan dubiya.

To, mu fa?

Ba mu ce gobe a ja kare a shiga ɗakin majinyata a Gwarzo ba. Kowace ƙasa da al'adarta. Mutanenmu da yawa ba za su sami natsuwa da kare a gefen gado ba, dalilinsu kuwa abin girmamawa ne, hukuncinsa kuma na malamai ne da likitoci. Har wa yau, ƙasar da ba ta gama da haukan kare ba, ba ta nan za ta fara ba. Amma akwai darasi biyu da za mu ɗauka ba tare da mun ari rigar kowa ba.

Na farko, halin kare tarbiyyar mai shi ce. Wanda aka yi ta jifa shi ke cizo, wanda aka ciyar aka lallasa shi ke tsaron gida. Na biyu, abin da Turawa suka ɗora wa kare, mu addini da al'ada sun ɗora mana shi da kanmu, watau dubiya. A kowane asibiti akwai majinyacin da garinsu ya yi nisa, lokacin ziyara ya yi, kowane gado ya cika da dangi da kwanuka, shi kuwa ya juya fuska bango. In Bature yana iya ba da sa'a guda a mako shi da karensa, mu da mu ke da baki da gaisuwa me zai hana mu? Malamai uku ko huɗu na makaranta ɗaya sun isa su nemi izinin shugaban asibiti su sa ranar zuwa.

In za ka ɗauki karen da aka yar

Ga shawararmu ga wanda ke bukatar kare don gona ko garke ko tsaro, ya kuma ga ya fi kyau ya ɗauki wanda aka yar. Da fari ka lura da shi daga nesa. In yana dalalar da yawu, ko yana cizon duk abin da ya tarar, ko ƙafafunsa na baya sun shanye, ko muryarsa ta sāke, kada ka kusance shi, ka hana yara, ka sanar da malamin dabbobi. In ba haka ba, ka tambayi mai unguwa ko dagaci a nemi mai shi, ya sallama maka a gaban shaidu, don kada ya yi ƙiba rigima ta tashi.

Ka jawo shi da abinci, ba da ƙarfi ba. Ka keɓe masa wuri mai inuwa nesa da yara da awaki, da ruwa kullum a kaskonsa na kansa. Wanda ya daɗe da yunwa ba a cika masa ciki rana ɗaya, kaɗan kaɗan a ke ba shi sau uku ko huɗu, sauran tuwo ko ƙanzo da aka jiƙa da ɗan romo. Ka guji ba shi dafaffen ƙashin kaza, gama yana tsagewa ya soke hanji, albasa mai yawa kuma tana ɓata masa jini. Ka kai shi asibitin dabbobi, ko ka kira malaminsu, a yi masa allurar haukan kare, a ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska da na ƙazuwa, ka adana takardar allurar, ka kuma koma in lokacin maimaitawa ya yi. Kada ka shafa masa baƙin mai ko maganin feshin gona, yana lasa ya mutu. Ka sani allura ba ta kashe cutar da ta riga ta shiga jiki, saboda haka ka sa masa ido a watannin farko. Sa'an nan ka yi haƙuri. Zai yi makonni yana maƙewa in ka ɗaga hannu, don abin da ya sani da hannu ke nan.

Ku kuma malaman makaranta, ga abin da za ku koya wa yara ko da sau ɗaya a zango. Kada su jefi kare, kada su taɓa shi yana ci ko karya tana shayarwa, in ya taso musu su tsaya cik kada su ruga. In an ciji yaro ko an yakushe shi, ya faɗa nan take, kada ya ɓoye don tsoron duka. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti ran nan a fara allura, kada a tsaya jiran abin da zai faru. Karen kuwa, in ana iya tsare shi ba haɗari, a tsare kwana 10 a gani, amma ba a jinkirta allurar yaro don wannan. Ran 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya rasu, ita duniya ta keɓe don tunawa da wannan ciwo, ta dace da irin wannan darasi.

Akawunan ƙananan hukumomi, waɗanda suka gaji aikin En'e, su ma da nasu. Zamanin da a ke ƙidayar shanu don jangali ba a rasa sanin garken kowa ba. Ba zai gagara ba masu unguwanni su rubuta gidajen da ke da karnuka, a sa rana, a roƙi ma'aikatar dabbobi ta turo mai allura. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha.

Da motarmu ta zo, mun bar dattijon nan yana tafe gida da fartanyarsa a kafaɗa, karen yana biye da shi daga nesa, in ya tsaya ya tsaya. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma sa mu riƙe amanar abin da ya sa a hannunmu, mai baki da marar baki. Amin.